Ayarmu ce, sunan na wasu ne: ina aikin da ake cewa fitar da kaya zai kawo wa Maradi?

Alhaji Mai Aya: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya bayan isha na ji a rediyo ana bayanin yadda gwamnati ke son ƙarfafa fitar da kayan ƙasa waje don matasa su samu abin yi. Magana ce mai daɗin ji, amma ni ta hana ni barci. Na haura shekara ashirin ina harkar aya. Ina saye a Gazawa da ƙauyukan Madarunfa, in tara a mangaza, in loda. Mafi yawanta ta Ɗan Isa take fita, ta faɗa Jibiya, ta sauka kasuwar Dawanau ta Kano. A can ake sake tankaɗe ta, a zuba ta a sabon buhu mai rubutu, a yi mata takardu, ta hau jirgin ruwa a Legas. Wanda ya kwance buhun a Turai bai ma san akwai wani gari Maradi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. To ina tambaya, in an ce za a ƙara fitar da kaya, irin wannan fitarwar za a ƙara, ko wata ce daban?

Ɗan Jami'a: Wa alaikumus salam Baba Alhaji. Da girmamawa, ina ganin kun rage wa gwamnati mudu. Bututun mai daga Agadem zuwa Seme a gaɓar tekun Benin ya kusa kilomita 2,000, kuma tun watan Mayun 2024 ɗanyen man Nijar ya fara hawa jirgin ruwa. A da me muke da shi? Matatar SORAZ ta Damagaram kawai, mai tace ganga 20,000 a rana. Yau muna cikin jerin masu sayar da ɗanyen mai a duniya. Wannan ba fitar da kaya ba ne?

Alhaji Mai Aya: Fitarwa ce ɗana, ban musa ba. Amma faɗa mini mutum nawa ka sani a unguwarku da bututu ya ɗauka aiki. Ni a mangazata kaɗai, lokacin kaka, masu dako da masu awo da masu ɗinkin buhu da mata masu tsinta sun fi ƙarfin yatsun hannu da na ƙafa. Mai yana cika asusun gwamnati, Allah ya sa albarka. Tukunyar gidan talaka kuwa aya da riɗi da wake da bisashe ke ɗora ta.

Baba Na-Tarna: Yara, ku bari tsoho ya sa baki. Wanga abu da Alhaji ke kuka da shi mun gan shi da gyaɗa. Garin ga gyaɗa ta gina shi. Muna samari, in kaka ta yi, buhunnan gyaɗa ake jerawa kamar tsauni, kamyo na shiga na fita har dare. A 1962 anka kafa SONARA don ta riƙe cinikin gyaɗa na ƙasa, kuma kafin yuraniyom ya taso gyaɗa ce kan gaba cikin abin da Nijar ke saidawa waje. Nan Maradi akwai masana'antar matsar mai, akwai ta jima. Mutum ya tashi da safe ya tafi aiki, ƙarshen wata ya amshi albashi. Sai fari ya zo a shekarun 1970, ciwon gyaɗa ya biyo baya, kasuwa ta watse. Alhazan garin ga da kuke jin labarinsu, da yawa daga gyaɗa sunka fara, da ta mutu sunka koma fiton kaya zuwa Najeriya: atamfa, taba, shinkafa, gwanjo. Kuɗi sun samu, ba wanda ya ce ba su samu ba. Amma mun tashi daga masu yin kaya mun koma masu wuce da kayan wasu.

Direban Kamyo: Baba, wucewar ma yanzu ta zama aiki. Da can in na ɗauko kaya a tashar jirgin ruwan Kwatano, in haura Malanbil, in tsallaka gada in faɗo Gaya, sai Dosso, sai gida. Tun da aka rufe gadar nan bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 sai ta Lome, a ratsa Burkina, a jira ayari da rakiyar soja. Jiran ne ke kashe mu. Na taɓa kwana goma sha a wuri ɗaya, muna dafa shinkafa a ƙarƙashin mota, taya na tsotsewa a rana. Wanda ya ɗauko ƙarfe ko siminti da sauƙi. Abokina albasa ya ɗauko, ranar da aka ce a tashi ruwa ne ke ɗiga daga bodin motar, ƙudaje sun yi masa rakiya har inda ya zubar da ita.

Ɗan Jami'a: To ai ba mu muka fara rufewa ba. CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ce ta ƙaƙaba mana takunkumi, har Najeriya ta yanke mana wuta.

Direban Kamyo: Haka ne, kuma ban manta duhun da muka sha ba. Amma an ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, iyakarmu da Najeriya ta buɗe a watan Maris. Ta Benin ce hukumominmu suka ce akwai matsalar tsaro. Ni ba soja ba ne, ba zan yi gardamar abin da ban gani ba. Abin da na sani shi ne kuɗin mota ya hau, kuma ba mai kamyo ke biyansa ba. Ana cire shi ne daga farashin da za a ba manomi.

Ɗan Tike: Ku dai kuna maganar hanya. Mu namu ciwon doka ce. A watan Mayun 2025, saura 'yan makonni Sallar layya, aka sanar an hana fitar da dabbobi waje. Ni tun da sanyi nake kiwon raguna, dusa da harawa da kowa duk na bashi, don na saba kowace shekara akwai masu zuwa su kwasa su yi Najeriya da su, wasu har Abijan. Rana ɗaya aka ce ba inda za su. Tike ya cika maƙil, mai saye yana yanga, ka faɗi kuɗi ya yi dariya ya wuce. Akwai wani balami fari da nake ji da shi, yarana sun sa masa suna saboda yadda yake bin su har ƙofar gida. Abin da na karɓa a kansa bai kai abin da ya ci ba. Yanzu a zo a ce mini ana son ƙarfafa fitar da kaya?

Uwar Biyu: Allah ya mayar da alheri, Malam. Amma ka yi haƙuri in faɗi nawa gefen. Shekarar nan da kake kuka da ita, ita ce shekarar da maigidana ya iya yanka rago ba tare da ya ci bashi ba. Haka dokar Oktoban 2024 da ta hana fitar da gero da dawa da masara da shinkafa da wake, in ban da zuwa Mali da Burkina. Kafin nan ni na san yadda nake tsayawa gaban mai awo ina lissafin tiya nawa kuɗina za su kai. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ba za a kwashe abincin gari a kai waje yara na kuka ba.

Ɗan Tike: Hajiya, ban ce ki kwana da yunwa ba. Arahar da kika samu daga aljihuna ta fito, shi ke nan maganata. Kuma bana rabin abin da na saba ɗaurewa na ɗaure. In kowa ya yi haka, baɗi ragon zai yi tsada ko an hana fita ko ba a hana ba.

Malamin Gona: Ku duka biyun kuna da gaskiya, shi ya sa abin ke da wuya. Amma a raba gero da wake. Gero abincinmu ne, kare shi yana da hujja. Wake kuwa manomin jihar nan yana shuka shi ne musamman don ya sayar, da kuɗinsa yake sayen geron da zai cike rumbu, ya yi wa yara ɗinki, ya biya bashin taki. Babbar kasuwarsa kuma Najeriya ce, tun kakanni. In ka toshe masa ita, ka taimaki mai saye a birni, ka karya mai noma a ƙauye. Abin da ya fi damuna ma ba hanin ba ne, yadda yake saukowa ne kamar aradu. Da za a ce tun watan shuka, bana kaza za a bari ya fita, kaza ba zai fita ba, daga wata kaza zuwa wata kaza, kowa sai ya auna gonarsa da garkensa.

Alhaji Mai Aya: Yawwa Malam, ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Bari in ba ku labari. Akwai wani mai saye daga Sifaniya da aka haɗa ni da shi. Su can, musamman wajen Balensiya, suna yin wani abin sha da aya kamar kunun ayarmu, kuma abin da suke nomawa ba ya isarsu, suna cikowa daga Nijar da Mali da Burkina. Mutumin bai yi gardamar farashi ba ko kaɗan. Abu uku ya tambaya: za ka iya ba ni kaya iri ɗaya kowane lodi, ba tsakuwa ba ƙasa? Kana da takardar gwaji da ke nuna ba guba a ciki? Za ka iya sa hannu cewa ranar kaza kwantena za ta kasance a tashar jirgi? Na farko na ce zan iya. Na biyu na ce zan nema. Na uku na yi shiru, don ban san wace iyaka za a wayi gari an rufe ba, ban san wace doka za ta fito ba. Ya yi mini godiya cikin mutunci. Daga baya na ji wajen wani ya saya a Kano, kuma na rantse ayar da aka ba shi ta ƙasar nan ce.

Bakanon Dawanau: Alhaji tun ɗazu ake ambaton mu, bari in kare kaina, ni baƙo ne a zauren nan amma kakata 'yar Tasawa ce. Ba sace muku suna muke ba. Ayar da ke zuwa mana da ƙasa take zuwa, riɗi da ƙaiƙayi. Mu muke sa injin, mu biya gwaji, mu yi takardu, mu ɗauki kasadar canjin kuɗi. Kuma kada ku ɗauka mu a daɗi muke. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 ta zube, sefa kuwa tana ɗaure da yuro ba ta motsi, kayanku sun yi mana tsada. Sannan ku tuna mu ma gwamnatinmu ta taɓa rufe iyaka daga Agustan 2019 har Disambar 2020, da ku da mu duka muka ji a jika. Kowace gwamnati in ta tashi kare kanta, ɗan kasuwar bakin iyaka take fara takawa.

Baba Na-Tarna: Jikan Tasawa ya yi gaskiya. Wanga sunan wasu a kan kayanmu ma ba yau ya fara ba. Fatar jar akuya da ake kiwo daga nan har Sakkwato, tun zamanin ayarin raƙuma ake ƙetare hamada da ita, Turawa su saye ta a arewacin Afirka su ce mata fatar Maroko. Nan garin akwai cibiyar kiwon jar akuya tun shekarun 1960. Amma ku je mahauta ku gani, fata ɗanya ake sa ma gishiri a loda a yi kudu da ita. Wata ma ba jima za a yi da ita ba.

Direban Kamyo: Baba ganda za a yi da ita, a ci da yaji, in ta shanu ce. Ni na sha kai ta.

Mai Zaure: Jama'a a ci gaba, amma na goge saƙonni biyu da suka koma zagin shugabanni. Wanda ke da hujja ya kawo, wanda ke da zagi ya riƙe abinsa.

Inna Mai Tsinta: Ni ban yi boko ba, jikata ke rubuta mini. Ana ta cewa aiki, aiki. Ku zo bayan mangaza da hantsi ku ga aiki. Mu goma sha muke zama a tabarma, kowa da faifanta da rariya. A zube buhu, a sheƙe, a tankaɗe, sannan a bi da hannu ana fidda tsakuwa da ruɓaɓɓa. Tsakuwar da ta yi kalar aya ita ce muguwa, ido ba ya ganinta, sai yatsa ya ji nauyinta. Kafin azahar ƙura ta rufe mana gira, baya ya ƙage. Da wannan nake ciyar da marayu uku. Abin da nake so a gane, watan da mota ba ta fita mu ma ba mu fita. Alhaji yana da abin da zai ci shekara, mu sai mun tsinta muke ci. Kuma ina jin kuna maganar injin, gabana na faɗuwa. In injin ya zo mu ina za mu?

Alhaji Mai Aya: Inna, wallahi tambayarki ta fi tawa nauyi. Abin da na gani a Kano, injin yana fidda ƙasa da manyan tsakuwa, amma mata na nan a ƙarshen layi suna bi da hannu, ga masu awo, ga masu ɗinke buhu. Ba zan yi miki alkawarin kowa zai tsira da wurinsa ba. Sai dai in kayan da ake gyarawa a can aka dawo ana gyara su nan, lodi zai ƙaru, kuma aikin ba zai tsaya a wata uku na kaka ba.

Ɗan Jami'a: Shi ya sa nake cewa a yi haƙuri, abubuwa na tafe. OAPI, hukumar Afirka mai rajistar haƙƙin mallakar fasaha da sunayen kaya, ta yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajista da sunan ƙasarsu, yanzu ba wanda zai ɗauki albasar wani wuri ya ce 'yar Galmi ce a dokar ƙasashen da ke cikin OAPI. Yarjejeniyar kasuwar bai ɗaya ta Afirka, ZLECAf, a Yamai aka ƙaddamar da ita a Yulin 2019. Ga titin jirgin ƙasa daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa nan, wajen kilomita 284, wanda Buhari ya aza harsashinsa a Fabrairun 2021. Ranar da ya iso, kwantena za ta tashi daga Maradi ta sauka Legas ba tare da Baba Direba ya dafa shinkafa a ƙarƙashin mota ba.

Direban Kamyo: Ranar nan ni kuma in koma tallan shinkafar ke nan. Allah ya kawo shi dai, har yanzu ba mu ji ƙararsa ba.

Bakanon Dawanau: Ɗalibi, jirgi hanya biyu yake bi. Yadda zai sauƙaƙa fitar ayarku, haka zai sauƙaƙa shigar taliya da robobi da lemon kwalba daga wajenmu. In ya iso ya tarar ba ku da abin lodawa sai ɗanyen kaya, abin da Alhaji ke kuka da shi ne zai ƙara sauri. Kuma tun da kuka fita CEDEAO a Janairun 2025, mu da ke ciniki da ku kullum tambayarmu ita ce wace takarda za ta yi aiki baɗi.

Malamin Gona: Bari in koma kan tambaya ta biyu da Basifaniyen nan ya yi wa Alhaji, don an wuce ta da sauri, alhali ita ce wadda ke hannunmu. Turai ba ta wasa da ragowar maganin ƙwari da kuma gubar da ke fitowa in gyaɗa ko riɗi suka yi fumfuna. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda maganin da ake zuba masa a ajiya. Ku shiga kasuwa ku shinshina wasu buhunan wake, hanci kaɗai zai gaya muku. Alhali ga buhun PICS mai ruɓi uku, leda biyu a ciki, buhu a waje, wanda masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, na nan Maradi suka yi aiki a kansa tare da jami'ar Purdue ta Amurka. Ka matse iska ka ɗaure kowane ruɓi daban, ƙwaro ya mutu da kansa, ba ɗigon magani. Na sha zuwa ƙauye in tarar an saya amma an ɗaure ledojin biyu tare, ko ɓera ya huda an ci gaba da amfani da shi. Haka shanya: a kan tamfol, ba a ƙasa ba. Wannan ba ya buƙatar minista. Abin da ke buƙatar gwamnati shi ne ɗakin gwaji a kusa wanda masu saye na waje suka yarda da takardarsa, da wutar da ba ta ɗaukewa. Wutar yankinmu ta layin Katsina zuwa Gazawa take shigowa, kun ga abin da ya faru da aka yanke. Ba mai kafa injin matsar mai ya dogara da janareto ya ci riba.

Uwar Biyu: Malam wannan na wuta gaskiya ne. Ƙungiyarmu ta mata muna busar da zogalen Jiratawa muna dakawa, muna yin ƙuli da man gyaɗa. An kai mu baje koli Yamai, an ɗauke mu hoto, manya sun ɗanɗana sun yaba. Wata mata daga Lome ta ce tana son katan ɗari duk wata. Muka dawo muka zauna lissafi: ledar da ake like baki daga waje take zuwa, injin likewa sai da wuta, banki ya ce sai mun kawo takardar fili. Har yau lambarta na cikin wayata, kunya ta hana ni kira.

Ɗan Tike: To Hajiya kin ga inda muka haɗu. Ke an yaba miki an bar ki, ni an ɗaure ni an ce in yi gudu.

Ɗan Jami'a: Na ji, kuma na karɓi maganar sanarwa da wuri. Amma ku ma Baba Alhaji a faɗa muku gaskiya, da girmamawa. Kuɗin da ke garin nan ba kaɗan ba ne. Benaye nawa aka gina, gidajen mai nawa? Me ya hana alhazai biyar su haɗa kuɗi su kafa wurin gyaran aya ɗaya? Sai an jira gwamnati?

Alhaji Mai Aya: Ka soke ni inda ya dace, ɗana, ba zan ce ƙarya kake ba. Haɗin kai ba halinmu ba ne, kowa so yake a ce motarsa ce, mangazarsa ce. Amma ka san dalilin bene? Bene ba ya ruɓewa in an rufe iyaka. Ba a wayi gari an ce an hana fitar da hayar shago ba. Mun taɓa zama mu huɗu kan maganar injin, har an kawo mana farashi daga Kano. Ana cikin haka aka yi rufewar 2023, kowa ya janye hannunsa, ɗaya daga cikinmu ya sayi fili da kasonsa. Takardar farashin na nan cikin durowa.

Baba Na-Tarna: Fiddo ta ka kakkaɓe, Alhaji. In kun koma zama ku kira ni, ba ni da kuɗi amma ina da fili bayan Tarna da ba a noma shi.

Bakanon Dawanau: Farashin 2023 kam ya tashi aiki. In da gaske kuke zan tambayo muku sabo ranar Litinin, amma ku faɗa mini tan nawa kuke son ya gyara a rana, kuma da wutar gari zai yi aiki ko da hasken rana.

Inna Mai Tsinta: Jikata ta ce caji ya kusa ƙarewa. Alhaji, buhunan da aka sauke jiya da yamma akwai guda shida masu danshi, mun ware su gefen ƙofa. A sa yara su shanya su gobe da wuri kafin mu zo, kuma a kawo sabuwar rariya, tsohuwar ta yage.